Atisaye a Tsanake: Jagora ga Mai Busa Turamfet

Idan mai busa turamfet, wato ƙahon nan na tagulla mai bawul uku da ake dannawa da yatsu, ya busa sautin C na ƙasa (da haruffa irin su C da G ake kiran sautukan kiɗa) a kan nau'in ƙahon da ake kira B-filat, wanda aka fi amfani da shi, leɓɓansa suna buɗewa suna rufewa kusan sau 233 cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya hau zuwa C na can sama, wanda kowane ɗalibi yake ɗokin kaiwa, adadin yakan kai kusan sau 932. Babu ɗan Adam da zai iya bai wa leɓensa umarni ɗaya bayan ɗaya da irin wannan sauri. Abin da yake iyawa shi ne ya saba wa jikinsa da wani tsari na iska da leɓe da harshe da yatsu, har ta kai da zarar ya ji sautin a ransa, jikin ya fitar da shi ba tare da shawara ba. Sai dai jiki ba ya tantance abin da ake cusa masa. Duk abin da aka yawaita maimaita masa shi yake riƙewa, ko daidai ne ko kuskure, saboda haka wanda ya bi ta kan wata gaɓa mai wuya sau ashirin a guje, ya yi tuntuɓe a sha biyar daga ciki, tuntuɓen ya haddace, ko da kuwa ya tashi yana ganin ya yi aiki.

An taɓa gwada wannan a Jami'ar Texas da ke Austin a ƙasar Amurka. A wani bincike da Robert Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, an bai wa makaɗa piyano 17 wata gajeriyar gaɓa mai wuya, aka bar kowa ya yi atisaye yadda ya ga dama, sannan aka jarraba su washegari. Tsawon lokacin da mutum ya ɗauka da yawan maimaicin da ya yi ba su ne suka raba na gaba da na baya ba. Waɗanda suka yi zarra su ne waɗanda suka gano ainihin wurin kuskure, suka sassauta gudu kafin su isa wurin, suka gyara shi, ba su bar shi ya yi ta dawowa ba. Da piyano aka yi gwajin, amma darasin ya fi shafar mai ƙaho, domin leɓe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a rana, kuma duk busar da aka ɓatar a kan kuskure an rage ta ne daga wannan ɗan kason.

Akwai sharaɗi ɗaya da nake so a riƙe tun daga nan, domin a kansa sauran bayanin ya ginu. A ƙaho, yatsu da harshe ake rage wa yawan aiki a cikin daƙiƙa, amma iska tana nan da ranta kamar yadda za ta kasance a gaban masu sauraro. Sau da yawa idan aka ce wa ɗalibi ya yi a hankali, sai ya mayar da busarsa kamar ta mai gyangyaɗi: numfashi rabi-rabi, kowane sauti ya kumbura a tsakiya ya mutu a ƙarshe. Irin wannan atisaye kasala yake koya wa jiki, kuma ranar da aka ƙara sauri ba abin da zai tsaya daga cikinsa.

Mataki na farko: tanadin kayan aiki

Bayan ƙahon kansa, abubuwa huɗu ake bukata: metronom, na'urar auna daidaiton sauti, abin naɗar murya, da fensir. Ukun farko duk ana samun su a wayar hannu. Metronom na'ura ce mai buga ƙidaya daidai wa daida, tana hannun makaɗa tun da Johann Maelzel ya yi mata rajista a 1815, kuma lambar da aka saita ta a kai ita ce yawan bugu a minti ɗaya, wato 60 na nufin bugu ɗaya kowace daƙiƙa. A ɗiga wa bawul mai kafin a fara, a kuma zubar da ruwan da ya taru a bututu, domin bawul mai nawar dawowa yakan sa mutum ya ɗora wa yatsunsa laifin da ba nasu ba.

Mataki na biyu: numfashi da dogon sauti

Ka tsaya ko ka zauna a miƙe, kafaɗu a sake, ka kawo ƙahon zuwa bakinka maimakon ka miƙa wuya ka tarye shi. Ka saita metronom a kan 60, ka shaƙi iska cikin bugu huɗu da maƙogwaro a buɗe kamar mai hamma, sannan ka fitar da ita cikin bugu huɗu ba tare da ƙaho ba, sau biyar ko shida. Wurin da ya kamata ka sa wa ido shi ne mahaɗar shaƙa da fitarwa. Mutane da yawa sukan shaƙa, su riƙe iskar suna gyara leɓe, sannan su sake ta, kuma wannan 'yar tsayawar ce take ƙulle maƙogwaro har sautin farko ya fito a tsage ko ya ƙi fitowa ɗungum. Iska ta shiga ta juyo nan take, kamar lilo idan ya kai ƙarshen tafiyarsa. Arnold Jacobs, wanda ya busa babban ƙahon tuba a ƙungiyar makaɗa ta Chicago daga 1944 zuwa 1988, ya shahara da koya wa masu busa kowane irin ƙaho su tara hankalinsu a kan sautin da suke ji a kai da iskar da take fita daga baki, su daina zura wa tsokokin ciki ido, kuma a ganina wannan ita ce nasiha mafi amfani ga mai farawa.

Daga nan sai ka ɗauki ƙahon ka busa G na tsakiya, wanda ba ya bukatar danna bawul ko ɗaya. Ka fara shi da iska zalla ba tare da harshe ba, kamar mai cewa "hu", ka riƙe shi tsawon bugu takwas da murya matsakaiciya. Ka saurari sassansa uku dabam-dabam. Farkonsa ya fito daidai kan bugu, ko ya makara? Tsakiyarsa a tsaye take, ko tana rawa? Ƙarshensa ya ƙare da cikar da ya fara da ita, ko ya langaɓe ya faɗi ƙasa? Idan ka gama, ka ɗage ƙahon daga leɓe ka huta bugu takwas, sannan ka sauka rabin mataki, wato zuwa sautin da yake dab da shi ta ƙasa.

Tsawon bututun ƙahon B-filat kusan mita 1.48 ne, kuma kowane bawul ƙara masa tsawo yake yi: na biyu yana saukar da sauti rabin mataki, na ɗaya mataki guda, na uku mataki ɗaya da rabi. Haɗa su yana ba da matsayi bakwai a jere: ba dannawa, 2, 1, 1 da 2, 2 da 3, 1 da 3, sai 1 da 2 da 3. Yayin da kake sauka ta cikin waɗannan matsayai, bututun yana ƙara tsawo da lanƙwasa, sai ka ji iskar tana samun turjiya, sautin kuma yana neman ya dishe. Aikinka shi ne sautin na bakwai ya fito da haske da cika irin na farko. Ba a banza ba ne littafin koyarwa na Jean-Baptiste Arban, wanda ya fito a Faransa a 1864 kuma har yau ake aiki da shi, ya fara da dogayen sautuka masu sauƙi kafin ya kai ɗalibi ga gudun da ya sa aka san littafin. Minti goma sun isa wannan matakin, matuƙar kunne a farke yake cikin dukansu.

Mataki na uku: gano inda cutar take

Ka busa waƙar ko darasin da kake koyo sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ka naɗa, sannan ka ajiye ƙaho ka saurara da fensir a hannu. Abin da mai busa yake ji a lokacin busa ya bambanta da abin da yake fita, domin yana jin sautin ta ƙasusuwan kansa, hankalinsa kuma yana kan abin da ke tafe. Naɗi ba ya yi wa kowa kara. Duk inda ka ji matsala ka yi masa da'ira, sannan ka matse da'irar. Cewa "wannan layin yana ba ni wuya" bai isa ba. Sai ka iya nuna cewa daga wannan sautin zuwa wancan ne abin yake rushewa, kuma galibi sautuka biyu ne ko uku suke ɓata layi guda.

Masu laifin yawanci huɗu ne. Na farko kunne ne, kuma shi aka fi mantawa da shi. A piyano kowane sauti yana da maɓallinsa, amma a ƙaho dannawa ɗaya tana fitar da sautuka da yawa: ba tare da taɓa bawul ba ana samun C, da G, da C na sama, da E, da wani G, da C na can ƙoli. Wanda bai ji sautin a kansa ba kafin ya busa, caca yake yi ko da yatsunsa daidai suke. Na biyu iska ce, wadda takan yanke a tsakanin sautuka ko ta janye daidai lokacin da za a yi tsalle zuwa sama. Na uku yatsu ne, musamman mai danna bawul na uku, wanda ya fi sauran rauni, da kuma wuraren da yatsa ɗaya yake tashi yayin da biyu suke sauka, kamar daga 2 zuwa 1 da 3, ko daga 1 zuwa 2 da 3. Idan ba su motsa tare ba, wani baƙon sauti yakan leƙo a tsakani. Na huɗu harshe ne, idan ya riga yatsu ko ya biyo bayansu.

Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce. Idan ka kasa rera gaɓar da bakinka, kunne ne. Idan ta fita tsaf a haɗe ba harshe, amma ta dagule da ka sa harshe, to harshen ne ko rashin jituwarsa da yatsu. Idan kuma ko a haɗe tana da datti, sai ka duba yatsu da iska.

Mataki na huɗu: kwance gaɓar gunduwa-gunduwa

Ka ɗauki sautukan da ka yi wa da'ira, ka haɗa da ɗaya ko biyu kafin su da ɗaya bayansu, domin shiga wuri mai wuya da fita daga cikinsa suna daga cikin wuyar. Ka fara da rera su da baki. Idan da piyano kake gwada muryarka, ka tuna cewa ƙahon B-filat yana fitar da sauti ƙasa da abin da aka rubuta da mataki guda, wato C na rubutu B-filat ne a piyano. Kyan murya ba shi ake nema ba a nan, tazarar da ke tsakanin sautukan ake so ta zauna a kunne.

Sai ka riƙe ƙahon ka danna bawul tare da metronom ba tare da busawa ba. A nan ne mafi yawan masu atisaye a hankali suke yin kuskuren da nake ganin ya fi kowanne ɓarna: suna rage saurin waƙa, sai su rage saurin dannawar ma, yatsa ya riƙa sauka a sanyaye kamar mai tsoron ƙaya. Bawul da ya tsaya a rabin hanya yana toshe iska ya shaƙe sauti. Komai jinkirin ƙidaya, sauyawa daga wannan matsayi zuwa wancan cikin ƙiftawar ido ake yin ta, da kan yatsa, har ƙasa, har ka ji ƙarar saukarsa ta haɗu da bugun metronom. Sautin ne yake daɗewa, sauyin kuwa nan take ne, kuma wannan shi ya sa abin da aka koya a 60 yake yin amfani a 120.

Bayan haka ka hura iska cikin ƙahon ba tare da leɓe ya kaɗa ba, kana danna bawul, ka lura ko iskar tana tafiya a miƙe ko tana yankewa duk lokacin da yatsa ya motsa. Wasu malamai, irin su James Stamp, suna ƙara busa gaɓar da ɗan kofin ƙarfen da ake ɗora wa leɓe shi kaɗai, domin kofin ba ya taimaka wa leɓe ya sami sauti kamar yadda bututu yake yi, duk abin da ya fito daga kunnenka ya fito. Wasu kuma suna ganin yawaita shi yana sandarar da leɓe. Ni dai ina ganin minti ɗaya ko biyu da murya mai taushi suna da amfani, abin da ya wuce haka kuma ba dole ba ne.

Yanzu ne za ka busa gaɓar a ƙaho, dukanta a haɗe, kamar dogon sauti ɗaya da yatsu suke sauya wa launi. Sai ta fita sumul sannan ka shigo da harshe, kana taɓa bayan haƙoran sama da ƙarshensa kamar mai cewa "tu" ko "du". Ka ɗauki iskar kamar ruwan famfo, harshe kuma ɗan yatsan da yake gifta shi: ruwan bai tsaya ba, an dai yanka shi. Kada ka rufe sauti da harshe kamar mai cewa "tut", domin wannan ɗabi'a tana ɓuya a cikin sauri, amma a hankali kowa yana jin ta, kuma a nan ne ake iya kawar da ita.

Mataki na biyar: samo saurin gaskiya, sannan a hau tsani

Ɗan lissafi zai nuna dalilin wannan matakin. Idan waƙa tana tafiya a 120 kuma kowane bugu yana ɗauke da sautuka huɗu, sautuka takwas ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kunnen da bai riga ya san gaɓar ba ba zai iya yanke hukunci a kan kowannensu ba, sai dai ya ji cewa wani abu ya lalace bayan an wuce. A 60 sautukan sun koma huɗu, kana da ninkin lokacin da za ka ji, ka shirya, ka gyara. Saboda haka ka fara da raba saurin waƙar biyu, idan har yanzu akwai kuskure ka ƙara sauka, ba tare da jin nauyin kowa ba. Saurin gaskiya shi ne wanda kake iya jin sauti na gaba a kanka kafin ka busa shi, kafaɗunka da wuyanka kuma suna sake.

Idan ka same shi, ka busa gaɓar sau biyar a jere ba kuskure. In ka faɗi a ta huɗu, ƙidaya ta koma farko. Dole ne kuma a yi gaskiya game da ma'anar "ba kuskure". Samun sautukan da aka rubuta kaɗai bai wadatar ba. Farkon kowane sauti ya fito tsaf, muryar ta zama iri ɗaya daga ƙasa zuwa sama, tsawon kowanne ya cika, inda aka rubuta a ɗaga murya ko a sassauta a yi hakan tun yanzu. Wanda ya ce zai koyi sautuka tukuna ya sa musu rai daga baya, abu biyu zai koya, kuma na farkon zai riƙa yi wa na biyun kutse.

Bayan biyar masu kyau, ka ƙara 4 a metronom. Daga 60 zuwa 120 matakai 15 ne, kuma babu wanda ya ce a haye su a yini guda. Da zarar ka faɗi sau biyu a wata lamba, ka kai iyakarka ta yau: ka koma baya da 8, ka busa ta sau biyu ko uku da kyau, ka bar ta nan. Nacewa a kan lambar da ta fi ƙarfinka shi ne ainihin abin da masu iya magana suke nufi da sauri ya haifi nawa, domin gobe sai ka ɓata lokaci kana warware abin da ka ɗaure yau.

Abubuwa uku sukan taso a wannan matakin. Na farko, jinkiri yana tsawaita jimla har ta fi ƙarfin numfashi ɗaya. Kada ka matse huhu har ɗigon ƙarshe. Ka gajarta gaɓar ko ka ƙara wurin shaƙa na wucin gadi, amma ka yi wa wuraren numfashi na ainihi alama da fensir don kada su ɓace maka. Na biyu, gaɓar da take can sama tana cinye leɓe idan aka daɗe a kanta, don haka ka koyi kari da tazararta a oktaf na ƙasa, wato da sautuka masu suna iri ɗaya amma na ƙasa, sannan ka hau da ita sau kaɗan. Na uku shi ne ƙarfin murya. Herbert L. Clarke, gwanin busa da ya yi suna a ƙungiyar makaɗa ta John Philip Sousa, ya fitar da darussansa na yatsu a 1912 tare da umarnin a busa su da murya ƙasa-ƙasa, ana maimaitawa cikin numfashi ɗaya. Hikimar ita ce a murya mai taushi ba a iya tilasta wa sauti fitowa da ƙarfin tuwo. Idan leɓe da iska ba su daidaita ba, shiru za ka ji, kuma wannan shirun yana gaya maka gaskiyar da ƙara take rufewa.

Mataki na shida: daidaiton sauti

Tunda kana tafiya a hankali, ka yi amfani da damar ka gyara sautukan da ƙahon kansa yake karkatarwa. D na ƙasa, mai bawul 1 da 3, da C-shaf na ƙasa (rabin mataki sama da C), mai bawul ukun duka, sukan haura sama da inda ya kamata, shi ya sa aka yi wa bututun bawul na uku zobe domin a tura shi waje da yatsan hagu. D da E-filat da E na sama kuwa sukan ɗan yi ƙasa. Ka busa sautin idonka a rufe, ka tsayar da shi inda kunnenka ya yarda, sannan ka buɗe ido ka duba na'ura. Idan ka zura mata ido tun farko, idonka ne zai ƙware, kunnen ya zauna yadda yake.

Mataki na bakwai: hutu

Tsokar da ta kewaye baki siririya ce, kuma kofin ƙarfe yana danne ta a kan haƙora yana rage mata gudanar jini. Tsohuwar ƙa'idar malaman ƙaho ita ce mutum ya huta gwargwadon yadda ya busa: busar daƙiƙa talatin, hutun daƙiƙa talatin, ƙaho a ɗage daga baki. Atisaye a hankali ya fi bukatar wannan ƙa'ida, domin kowane sauti yana daɗewa a kan leɓe. Hutun ma aiki ake yi a cikinsa, ana rera gaɓar ko ana danna bawul. Zama uku na minti ashirin-ashirin a warwatse cikin yini sun fi awa ɗaya a dunƙule.

Alamomin gajiya sanannu ne: sauti ya fara fita da hucin iska, sautukan sama su ƙi zuwa, gefen baki ya fara yoyo, sai kuma hannu ya fara jan ƙahon yana cusa shi cikin leɓe, sau da yawa da ƙaramin yatsan dama da aka saƙala a ƙugiya. Daga wannan lokacin duk abin da ka busa danniya kake koya wa kanka. Manyan masu busa turamfet ma ba su tsira ba. Louis Armstrong ya sha fama da tsagewar leɓe a shekarun 1930 har ya ajiye ƙaho na wasu watanni, Freddie Hubbard kuma ya ji rauni a leɓensa na sama a 1992, raunin ya kamu da ƙwayoyin cuta, busarsa ba ta koma yadda take ba har ya rasu a 2008. Idan ka ji zafi mai suka, ko leɓe ya kumbura, ko ya mutu ba ka jin sa, ka rufe akwati a ranar, in abin ya ci gaba ka ga likita.

Mataki na takwas: komawa ga sauri

Masu iya magana da suka ce sannu ba ta hana zuwa sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba, kuma wannan rabin na biyu ya shafi mai ƙaho. Akwai abubuwan da sauri kaɗai yake koyarwa, kamar sauƙin taɓawar harshe da yadda kai yake ɗaukar sautuka huɗu a matsayin dunƙule ɗaya. Don haka da zarar gaɓar ta zauna a hankali, ka fara ɗanɗana mata saurin ainihi a ƙananan yanki: sautuka uku ko biyar a guje, ka tsaya a kan na ƙarshe, ka huta, ka maimaita, sannan ka ƙara ɗaya. Wata dabarar ita ce sauya kari, ka tsawaita sauti na farko ka gajarta na biyu har ƙarshen gaɓar, sannan ka juya tsarin. Ta haka kowane sauyi yana samun rabonsa na gudu, kai kuma kana samun wurin tunani a tsakani.

Idan saurin ya wuce abin da harshe ɗaya zai iya, ana amfani da "tu-ku", ƙarshen harshe da bayansa suna karɓa-karɓa. "Ku" ɗin yakan fito da rauni, kuma maganinsa shi ne a busa gaɓar duka da "ku" zalla a hankali har sai mai sauraro ya kasa bambanta shi da "tu". Daga ƙarshe sai ka mayar da gaɓar mazauninta: ka fara daga layi ɗaya kafin ta, sannan biyu, har ka shige ta daga farkon waƙar ba tare da gabanka ya faɗi ba.

Mataki na tara: gwajin washegari

Wani ɓangare na koyon yana faruwa ne bayan an ajiye ƙaho. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun koya wa mutane wani jerin danna maɓallai da yatsu, suka tarar cewa bayan barcin dare saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari ba tare da ƙarin kuskure ba, alhali waɗanda suka yi irin wannan tsawon lokacin a farke ba su sami wani ci gaba na a zo a gani ba. Wannan ya sa ya fi kyau a taɓa gaɓa mai wuya minti goma kullum har kwana shida da a zauna mata awa ɗaya a rana guda.

Kafin ka tashi, ka rubuta abu uku a gefen takarda: kwanan wata, lambar metronom da gaɓar ta fita tsaf sau biyar, da abin da ya hana ka wuce nan, misali "D zuwa F, yatsa na uku yana makara". Washegari, bayan numfashi da dogon sauti, ka saita metronom ƙasa da lambar jiya da 8, ka kunna abin naɗi, ka busa gaɓar sau ɗaya tak ba tare da gwaji ba. Wannan busa ta farko ita ce ma'aunin abin da ya zauna a jiki, domin a gaban jama'a ma sau ɗaya ake ba ka. Idan ta fita, ka ci gaba da hawan tsani daga nan. Idan kuwa kwana uku suka wuce lambar ba ta motsa ba, ƙara maimaici ba zai taimaka ba. Mai yiwuwa ka kama wanda ba shi ne mai laifin ba, sai ka koma mataki na uku, ka sake naɗa, ka sake rera gaɓar da baki, ka busa ta a haɗe, ka duba ko abin da ka ɗauka matsalar yatsu ce ashe iska ce take janyewa sauti ɗaya kafin wurin.